Hilux, L200 ko 'yar ƙaramar Ford ta Amurka: wacce za ta iya da hanyar gona?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah ta gaskiya, ba ta talla ba. Ina noman shinkafa da tumatur a yankin Kadawa. Shekara uku ke nan hayar mota na cinye min riba, ga masu motar sai sun ga dama suke zuwa, tumatur kuwa ba ya jiran kowa. Daga bakin kwalta zuwa gonar akwai kamar kilomita bakwai, da rani ƙura da gargada, da damina taɓo. Abin da zan riƙa ɗauka: taki, injin ban-ruwa, 'yan aiki, sai buhunan shanshera zuwa injin casa. Kuɗin da na tara ba su kama ƙafar sabuwa ba. Zuciyata na kan Hilux. Dillali ya nuna min L200 wadda ta fi Hilux ɗin ƙuruciya da shekara huɗu, kuma kusan kuɗinsu ɗaya. Ƙanena da ke Amurka shi kuma ya dage in bari ya turo min wata Ford Maverick, wai ba ta shan mai. Kaina ya ɗaure.

Na-Gwaggo:
Wa alaikumus salam. Hilux. An rufe muhawara, kowa ya kama gabansa.

Oga Bakanike:
Na-Gwaggo, irinku ne ke sa mutane asara. Alhaji, kafin a kai ga suna, amsa min uku. Buhu nawa kake son ɗauka a sawu ɗaya? Kai za ka tuƙa ko yaro za ka ba? Sannan bakaniken da ya fi kusa da kai, wace mota ya saba kwancewa?

Abban Hanifa:
Oga, in da hali buhu goma sha biyar. Yaro zan ba, ɗan yayata ne. Bakaniken Kura kuwa, ban taɓa ganin komai a garejinsa ba sai Toyota da Golf.

Oga Bakanike:
To ka riga ka amsa rabin tambayarka. Amma goma sha biyar ɗin nan, ka sani duk waɗannan motocin, Hilux da L200 da D-Max da Ranger, kusan tan ɗaya aka ƙera su su ɗauka, kuma har da direba da wanda ke zaune gefensa a lissafin. In buhu mai kilo ɗari ne, goma ma ka cika mudu. Na san ana lafta musu ashirin, kullum muna gani a hanyar Dawanau, gindi a ƙasa hanci a sama. Mu ne ke cin kuɗin: sifirin ya karye, boris na baya ya tafi, kuloci ya ƙone. Ana ƙara ganyen sifirin, mota ta daina zama, mai ita ya ɗauka ta ƙara ƙarfi. Birkin fa? Shi ba wanda ya ƙara masa komai.

Ɗan Houston:
Salam. Bari in yi maganar Maverick tunda ita nake hawa, shekarata biyu da ita. Ƙanenka bai yi ƙarya ba kan mai. Ta fito a ƙarshen 2021, lokacin kuɗin mafi arha bai kai dala dubu 20 ba, shi ya sa aka yi ta rububinta, yanzu dai ta tashi sosai. Mai haɗin fetur da batir ɗin, injin lita 2.5, a cikin gari an auna mata kusan kilomita 18 a lita ɗaya. Ba wata Hilux da za ta matso nan. Akwai kuma mai turbo, lita 2.0, ta fi gudu ta fi shan mai.

Amma Alhaji, tsakani da Allah, ba motar gonar Kadawa ba ce. Na farko ba ta da shasi daban irin na Hilux. Jikinta da ƙashinta abu ɗaya ne, a kan ginin Ford Escape aka ɗora ta, wato ƙaramar jif ce aka yanke mata baya. Bayan ma ƙafa huɗu da rabi ne kawai. Abin da aka yarda ta ɗauka kusan kilo 680, har da mutanen ciki. Cire kai da yaronka, saura buhu biyar. A nan abin da muke ɗauka da ita keke ne, da tukwanen fulawa, da katako biyu-uku daga kanti ranar Asabar. Kishiyarta Hyundai Santa Cruz ma haka take, a kan Tucson aka gina ta, cikinta ya fi kyau, mai turbo ɗin ta fi jan tirela, amma bayanta ya fi na Maverick gajarta.

Na-Gwaggo:
Wato dai motar zuwa cefane ce aka yi mata bodi.

Ɗan Houston:
Kusan haka, kuma a wannan aikin ba ta da laifi. In Alhaji a Abuja yake yana sayar da kayan gini ƙanana, da na ce ya duba ta. Ko a can ɗin ma sai ya tambayi kansa wa zai taɓa masa batir da kwamfutarta in fitila ta kama a allo.

Maman Ummi:
Ni tambaya ce da ni Ɗan Houston. Me ya sa ba ku hawa Hilux a can? Ɗana ya ce bai taɓa ganinta a titi ba.

Ɗan Houston:
Hajiya, kaza ce ta jawo. Ba wasa nake ba. A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka sa haraji kan kajin Amurka, ita kuma a 1964 ta rama da harajin kashi 25 cikin ɗari kan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su. Rigimar kajin ta wuce, harajin na nan har yau. Shi ya sa kamfanoni ke ƙera a-kori-kurarsu a nahiyar Arewacin Amurka. Toyota tana da Tacoma tun 1995, ita ce ta maye gurbin ƙaramar a-kori-kurarta a nan. Maverick a Meziko ake haɗa ta, Santa Cruz a Alabama.

Baba Tsohon Direba:
Yara kuna ta kiran sunayen da ban iya faɗa ba. Mu da Fijo 504 muka yi aiki, wadda ake haɗawa a Kakuri nan Kaduna, kafin ita kuma 404. Ba ogzilari, wato giyar ja da ƙafa huɗu, ba kwamfuta, ba komai. Na yi shekara goma sha ɗaya ina jigilar Funtuwa zuwa kasuwannin ƙauye da ita. In ta tsaya a daji, da sukundireba da filaya da ɗan yankin waya za ka tashe ta. Kafireta ta toshe, ka kwance ka hura da baki ka mayar. Yau ina motar da za ka yi wa haka? Ɗana, in ka samu 504 mai lafiya ka saya, canjin ka ƙara taki.

Oga Bakanike:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda zai musa maka. Amma mai lafiyar ce babu. An daina haɗa ta tun shekarun 2000, waɗanda suka rage an yi musu walda har ba a san ina ƙarfen asali yake ba. Kayanta ma yanzu na kwance ne, daga wata gawar zuwa wata.

Baba Tsohon Direba:
Gawar tamu dai har yanzu tana kai albasa kasuwa. Mu ga taku in ta shekara arba'in.

Injiniya Zazzau:
Ina so in ja hankalin Abban Hanifa kan abin da aka tsallake. Kalmar Hilux ba mota ɗaya ba ce. Tun 1968 ake yin ta. Wadda kuɗinka zai iya kaiwa mai yiwuwa samfurin 2005 zuwa 2015 ce, wadda ake kira Vigo, kuma ita kanta kala-kala ce: mai ƙofa biyu, mai ƙofa huɗu, mai fetur, mai gas, mai ja da ƙafa huɗu, mai ja da baya kaɗai. Da yawa daga farare da kamfanoni da ma'aikatu ke gwanjonsu ba su da ogzilari. Mutum ya ga tsayi da suna ya biya, sai damina ta faɗa masa gaskiya. Ka leƙa ciki, in babu ƙaramar sandar giya ta biyu kusa da babbar, to ta baya kaɗai ke ja.

Malam Habu Garun Malam:
Injiniya ka taɓo min ciwo. Ni ne wannan mutumin, kuma laifina ne ba na kowa ba, don ban tambaya ba. Watan Agusta, na dawo daga gona ba kaya a baya, ruwa ya sauka da la'asar. Wani ɗan kwari da ko mai babur yana wucewa, nan ta zauna. Tayar baya ɗaya na ta wulwulawa tana watsa min taɓo har kan gilas, ɗayar ko motsi. Muka sa kara, muka sa duwatsu, na cire tabarmar ƙafa na cusa, ta haɗiye. Har magariba. Ƙarshe wani bawan Allah ya kwanto shanun huɗarsa biyu, aka ɗaura igiya a ƙugiyar gaba, yara na ihu suna tafi, shanu suka fitar da motar miliyoyi. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in dai sayi buhun yashi biyu in riƙa ajiyewa a baya. Kuma gaskiyarsa, a-kori-kura in ba kaya bayanta ba nauyi, shi ya sa take santsi.

Na-Gwaggo:
Allah ya saka wa shanu da alheri.

Abban Hanifa:
Malam Habu ai hanyarmu ɗaya, na san kwarin da kake faɗa. To ogzilari ya zama dole ke nan. Saura fetur ko gas. Oga me ka gani?

Oga Bakanike:
Nan ne zan daɗe, ka yi haƙuri. Mai fetur ɗin injinta 2TR ne, lita 2.7. Jaki ne. Sarƙa gare shi ba bel ba, ba turbo, in kana juye a kan lokaci da baƙin mai na kirki zai gaji da kai kafin ka gaji da shi. Aibinsa ɗaya, yana sha, musamman in ka lafta kaya ka sa ogzilari. Kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake.

Masu gas iri biyu ne a wannan samfurin. Akwai 5L, lita 3.0, ba turbo. Ba ta da gudu, in ka hau tudu da kaya sai ka yi ta salati, amma tana haƙuri da gas ɗin da ba shi da tsabta. Sai 2KD da 1KD masu turbo, waɗanda aka rubuta D-4D a jikinsu. Ƙarfi kam akwai, ga tsimin mai, amma nozul ɗinsu ba ya son wasa. Gas na jarka da aka haɗa da kananzir ko ruwa ya shiga, shi ke nan, kuɗin nozul huɗu da famfo zai sa ka zauna. Kai kuma yaro za ka ba mota. Ranar da ka ba shi kuɗin gidan mai ya tsaya wurin 'yan bumburutu don ya rage canji, ba za ka sani ba sai bayan wata biyu. Ga kuma gas a ƙasar nan ya daɗe yana fin fetur tsada, to tsimin da take yi rabi ya tafi a nan. Ni a ƙauye, da yaro a sitiyari, 2TR ko 5L.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan wajenmu lissafin ya sha bamban, gazuwal, gas ɗinku ke nan, shi muka fi so ga kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, don tafiyarmu doguwa ce kuma rairayi ne. Ku je Agadas ku gani, motocin da ke keta Tenere zuwa Dirku, Hilux ne da Land Cruiser, ba don kyau ba, don in ta lalace a tsakiyar hamada mutuwa ce. Ko yaƙin Cadi da Libiya na 1987, ai sunan Toyota aka sa masa, saboda da waɗannan motocin sojan Cadi suka fatattaki masu tankoki a Fada. Shawarata ga Alhaji guda ce: taɓo da rairayi duk taya ce. Ka rage iska in za ka shiga, ka sayi ƙaramin famfo mai aiki da batir ka mayar in ka hau kwalta. Kat-kat da sulɓaɓɓiyar taya, sunanta kawai gare ta.

Alhaji Mai Goro:
Kowa na ta yabon Hilux, ba wanda ya faɗi abin da ke tare da ita. Ɓarayi na son ta, kuma ba ƙananan ɓarayi ba. Akwai hanyoyin da in ka bi da farar Hilux mai ƙofa huɗu, ko a ɗauke ka jami'i ko ɗan siyasa, duka biyun kuwa ba alheri ba ne a daji. Ni shi ya sa na koma L200, shekara shida ke nan. Tana ɗaukar abin da Hilux ke ɗauka, ta fi ta laushin tafiya, kuma ba wanda ke bin ta da kallo. Tsadar Hilux rabi kuɗin suna ne.

Na-Gwaggo:
Kuɗin sunan ne zai dawo maka ranar sayarwa, Alhaji. Sa Hilux a kasuwa da safe, kafin azahar an biya. L200 sai ka yi ta yi wa dillalai shayi.

Alhaji Mai Goro:
Wanda ya sayi mota yana tunanin ranar sayarwa ai bai tashi aiki ba.

Oga Bakanike:
Ku biyun kuna da gaskiya, ku daina. L200 mota ce, ban raina ta ba. Injinta na gas 4D56 ya daɗe a duniya, har a Pajero da bas ɗin L300 akwai shi. Abin da za a kiyaye: bel biyu gare shi a gaba, babba na taimin da ƙarami na balansa. Mutane su canja babban su bar ƙaramin don tsimi, ƙaramin ya tsinke ya shiga ƙarƙashin babban, inji ya tashi aiki. A canja su tare, shi ke nan. Kuma ba ya son zafi, lagireto ya zama tsaf kullum. Matsalar Abban Hanifa ba ingancin motar ba ce, nisa ce. Kayan Hilux ko a Kura zai samu na gaggawa, in ya shigo Kofar Ruwa kuwa har zaɓi zai yi, sabo ko na Kwatano. Na L200 akwai, amma wani abin sai an aiko daga Ladipo a Legas. Kwana uku mota a tsaye, kwandunan tumatur na rana.

Maman Ummi:
Ku bar ni in faɗi nawa ko da za a yi dariya. Ni Hijet gare ni guda biyu, da su nake rarraba fiya-wata a unguwanni. Kuɗin tsohuwar Hilux ɗaya zai saya maka irinsu fiye da ɗaya, mai kuwa kamar babur. Lungun da babbar mota ba ta shiga, su suna shiga. Kuma akwai masu ja da ƙafa huɗu, a Japan ai manoma ne ke amfani da su. Me zai hana Alhaji ya sayi ɗaya ya yi sawu uku?

Injiniya Zazzau:
Hajiya ba abin dariya ba ne, shawara ce mai kyau ga wanda gonarsa ke bakin hanya. Injinta cc 660 ne, kayan da aka ƙayyade mata kilo 350, buhu uku da rabi ke nan. Taki da injin ban-ruwa za ta kai. Amma tayoyinta ƙanana ne, in manyan motoci suka haƙa rami biyu a taɓo, cikinta ne zai zauna a tudun tsakiya. Sannan daga Japan sitiyarinta a dama yake, juya shi ake yi, mu kuma tun 1972 muka koma bin hannun dama na titi. Ingancin juyin ya danganta da hannun da ya yi. A duba wannan sosai, don rai ne.

Tunda na ambaci rai: wani zai kawo maka Nissan Hardbody da arha, NP300. Tana da ƙarfin aiki, kayanta ma ba wuya. Amma a 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu ta hanyar karo, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manyan da ke ciki. Ka san da wannan kafin ka sa ɗan yayarka a gaba. 'Yan aikin da za ka ɗora a baya kuwa, ba motar da ke da kariya gare su, sai dai a hankali da tuƙi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Nan ma Hardbody da Hilux ne suka cika hanyar Tamale. Tun 2021 ma ana haɗa Hilux a Tema. Amma talaka dai ta hannu yake saya kamar ku.

Abban Hanifa:
To Ɗan Houston, tunda ƙanena ya matsa sai ya taimaka, in ce ya nemo Tacoma maimakon Maverick?

Ɗan Houston:
Wannan ta fi ma'ana nesa ba kusa ba. Tana da shasi na gaske, kuma mai silinda huɗu daga 2005 zuwa 2023 injinta 2TR ɗin nan ne da Oga ya yaba. Sai dai jiki da fitilu da kayan ƙafa ba ɗaya suke da Hilux ba, kuma yawanci ba ta kai Hilux ɗaukar nauyi ba, an fi yin ta don jin daɗi. Ka ce masa kuma kada ya sayo daga jihohin arewa masu ƙanƙara. Gishiri suke zubawa a titi da hunturu, yana cin ƙarfe daga ƙasa. Ya nemi ta Texas ko Arizona, ya kuma duba tarihinta da lambar shasi, don motocin da ambaliya ta shanye ma ana gwanjonsu a turo Afirka. In ya haɗa kuɗin jirgi da na kwastan a canjin dala na yau, zai iya ganin gara ya turo maka kuɗin ka cika ka saya a gida.

Malam Habu Garun Malam:
Maganar gishirin nan gaskiya ce. Wani aminina ya sayi wata 'yar Amurka a hannun wani dila, ba zan faɗi wurin ba. Sama kamar amarya, ƙasa an fesa baƙin fenti yana ƙyalli. Muka kai wa mai walda don ya sa mata ƙarfen kare kaya, ya shiga ƙasa da ƙaramar guduma ya ɗan ƙwanƙwasa kusa da inda sifirin ke kamawa. Gudumar ta shige. Tsatsa ta zubo masa a fuska kamar garin kuka. Ya fito yana goge ido ya ce, Alhaji wannan ba walda take so ba, addu'a take so.

Oga Bakanike:
Shi ya sa nake cewa kada ka je ganin mota da babbar riga. Ka je da kayan da za ka kwanta a ƙasa, da tocila, da guduma. Ka je da sassafe kafin su tashe ta, inji mai sanyi ba ya ɓoye hayaƙi. Ka sa ogzilari ka ji ya shiga ya fita a kan ƙasa, ba a kan kwalta ba. Mita kuwa kada ka yarda da ita, ana mayar da ita baya, dubi fedar kuloci da sitiyari yadda suka cinye. Takardun kwastan ka kai a tantance kafin ka biya ko sisi.

Sarkin Zaure:
Jama'a an gode. Masu turo hotunan motocin sayarwa a ƙarƙashin wannan zance, na goge, ranar Juma'a ce ranar talla.

Abban Hanifa:
Allah ya saka wa kowa. Na yi waya da ƙanena yanzu, ya ɗan ji haushi amma ya yarda zai turo kuɗin. Zan nemi mai ƙofa biyu, tunda bayanta ya fi tsawo kuma ta fi arha, mai fetur, mai ogzilari. In ban samu Hilux da ta wuce gwajin guduma ba, zan koma in sake duba L200 ɗin, Alhaji Mai Goro kada ka yi nisa. Oga, Asabar da safe kana gareji? Zan biyo in ɗauke ka, kuɗin yininka a kaina.

Oga Bakanike:
Ina nan in sha Allah, amma bayan ƙarfe bakwai, sai na kai yara islamiyya. Ka taho da ɗan yayar taka, ina son in ga yadda yake sakin kuloci.

Baba Tsohon Direba:
In kun gama yawonku ku biyo ta Funtuwa, akwai wata 504 a bayan tasha, mai ita ya rasu, magada na neman mai saya.